Shataletale a Mararrabar da ke Cin Rayuka

Kusan kowane gari a Arewa yana da mararrabar da aka sani da cin mutane. Galibi a bakin gari take, inda babban titi ya gitta wata ƙaramar hanya mai fitowa daga kasuwa ko daga ƙauyuka. Abin da ke biyo bayan kowane mummunan hatsari a irin wannan wuri ma sananne ne. Matasa su datse hanya da kututture da tsofaffin tayoyi, kashegari a tara ƙasa a yi tudun rage gudu, dattawan unguwa su ɗunguma zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, a tarbe su da ta'aziyya da alkawarin danja, wani lokaci har da gadar sama. Damina na zuwa ta wanke tudun, alkawarin ma ya bi ruwa. Abin da ba kasafai ake jin an roƙa ba shi ne shataletale, domin a idon yawancinmu shataletale kwalliyar tsakiyar birni ce, wurin kafa hasumiya da allunan 'yan siyasa. Ni kuwa a ganina, idan maganar ceton rai ake yi a mahaɗar hanyoyi, da shi ya kamata a fara, muddin irin wanda injiniyoyi ke nufi ne, ba irin wanda muka saba gani ba.

Sai an fahimci yadda mararraba ke kisa kafin a gane amfaninsa. A mahaɗar hanyoyi huɗu, kowacce da layi ɗaya na zuwa da ɗaya na dawowa, masana sun ƙirga wurare 32 da hanyar wata mota za ta iya cin karo da ta wata. Rabinsu, wato 16, wurare ne da motoci ke gitta juna kai tsaye, kuma nan ne ajali ya fi zama. Ɗauki direban motar haya da ya fito daga hanyar ƙauye da fasinja cike, yana son ya karya hagu ya hau babban titi. Dole ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dubi wanda ke fuskantarsa, sannan ya ƙiyasta gudun tankar da ya hango daga nesa, duk a cikin daƙiƙa biyu ko uku, ga kwandasta na buga masa ƙofa, ga na baya na danna masa oda. Idon ɗan Adam ba shi da gwanintar auna gudun abin da ke tunkaro shi, balle da magariba ko cikin hazon hunturu. In ya kuskure lissafi, tankar a haƙarƙarin motar za ta same shi. Gaban mota yana da inji da ƙarafan da ke shanye bugu, amma tsakanin fasinja da abin da ya daki gefen mota babu komai sai ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan mota ta daki wata a gefe da gudun kilomita 65 a sa'a, yiwuwar mutuwar na ciki takan kai kashi 85 cikin 100. Kilomita 65 kuwa, a manyan hanyoyinmu, direba bai ma ɗauka ya fara gudu ba.

Shataletale mai layi ɗaya yana mayar da waɗancan wurare 32 zuwa 8, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da motoci ke gitta juna. Kowa dama yake shiga, ya zagaya, ya fita ta dama. Direban da ɗazu yake raba ido uku yanzu gefe ɗaya kawai zai duba, wato hagunsa. Idan ma an yi karo, gogar juna ce ta motocin da suka fuskanci kusan waje guda. Sai babban al'amarin, wato gudu. Tsibirin da ke tsakiya ya tare miƙaƙƙiyar hanya, don haka ko direba ya so ko ya ƙi sai ya taka birki ya murɗa sitiyari. Ana tsara ƙaramin shataletale ne yadda mota ba za ta iya shiga da abin da ya wuce kilomita 30 zuwa 40 a sa'a ba. Ƙarfin bugu kuwa ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun ninkawa huɗu yake yi. Wanda aka buga da gudun 40 ya sha kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal na abin da zai sha da gudun 80. Tazarar da ke tsakanin wurin mai gyaran fenti da maƙabarta ke nan.

Wani zai ce ai danja ma tana raba faɗan. Tana rabawa, amma da sharuɗɗa biyu da muke da ƙarancinsu: wutar lantarki da biyayya. Danja roƙon direba take yi ya tsaya, ba ta da hannun da za ta riƙe shi. Wanda ya hango kore daga nesa ƙara wuta yake yi don kada ta canza kafin ya iso, wanda ya ga ruwan ɗorawa ya ƙara ninkawa, da tsakar dare kuwa, in babu jami'in hanya irin ɗan KAROTA na Kano ko jami'in kiyaye haɗurra a kusa, ja da kore duk ɗaya ne a wurin mutane da yawa. Shi ya sa hatsarin da ake yi a danja yake muni, domin wanda ke da hannu ya saki jiki yana gudu, bai tsammaci kowa ba. Ga kuma batirin sola da ke mutuwa ko a sace, fitila ta yi wata shida a mace ba wanda ya waiwaye ta. Tsibirin kankare ba ya buƙatar wuta, ba ya tashi daga aiki, ba a kuma ba shi na goro.

Sai dai ba kowace da'ira a tsakiyar titi ke yin wannan aiki ba, kuma tarihin abin ya nuna haka. An fara zagaya da'ira ta hannu ɗaya a dandalin Columbus da ke birnin New York a 1905, aka yi irinsa a Paris a 1907, a dandalin da hanyoyi 12 suka haɗu. Dokar wancan zamani mai shigowa take bai wa hannu, na cikin da'irar shi ke tsayawa. Da motoci suka yawaita sai abin ya riƙa cushewa: ana ta shiga, na ciki sun kasa fita, har wurin ya kulle gaba ɗaya. Maganin da injiniyoyi suka kawo shi ne faɗaɗa da'irar don motoci su sami filin saƙawa tsakanin juna, faɗin kuma ya ba direbobi damar gudu, aka gudu ba a tsira ba. Amurkawa sun tsani waɗannan manyan da'irori har suka riƙa rushe su, musamman a jihar New Jersey.

A Ingila aka warware matsalar. A 1966 aka mayar da ita doka a faɗin ƙasar cewa mai shigowa shi zai dakata wa wanda ke cikin da'ira. Hikimar ba ta wuce ta motar haya a tasha ba: a bar na ciki ya sauka kafin na waje ya hau. Da wannan doka shataletale ya daina kullewa, domin kullum akwai hanyar fita. Wani injiniya mai suna Frank Blackmore, na cibiyar binciken hanyoyi ta gwamnatin ƙasar, ya nuna cewa tunda haka ne ba a buƙatar ƙaton fili, ƙaramar da'ira ma ta isa, har ta fi. Faransa ta rungumi dokar a farkon shekarun 1980, yau tana da shataletale dubun-dubatai. Amurka ba ta gina irin na zamani ba sai a 1990, a jihar Nevada. Daga baya wani gari mai suna Carmel a jihar Indiana, mai mutane wajen 100,000, ya ɗauki abin da zafi a ƙarƙashin magajin garinsa Jim Brainard, wanda ya hau kujera a 1996. Yanzu garin na da shataletale sama da 150, danja kuwa sai 'yan ƙalilan suka rage.

Alƙaluman da aka fi kafa hujja da su sun fito ne daga wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001, wanda cibiyar kamfanonin inshora mai nazarin haɗurran hanya ta ɗauki nauyinsa. An duba mararraba 24 da aka mayar shataletale, aka kwatanta kafin da bayan. Haɗurra gaba ɗaya sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100, waɗanda aka ji rauni a cikinsu sun ragu da kashi 76, masu kisa ko naƙasawa kuwa da kusan kashi 90. A lura da yadda alƙaluman suka jeru. Shataletale bai hana mutane kuskure ba, bai ma kawar da yawancin ƙananan haɗurra ba. A manya masu layi biyu ko uku, gogar fenti da fasa fitila kan ƙaru a wasu wuraren. Abin da ya yi shi ne rage farashin kuskure. Wannan ita ce aƙidar da majalisar Suwidin ta amince da ita a 1997: tunda ɗan Adam ba zai daina kuskure ba, a gina hanyar da kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba. Mu a nan mun fi ba da ƙarfi ga wa'azi da tara. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ta faɗakarwa a tashoshin mota, kuma duk da haka rahotanninta na 'yan shekarun nan na nuna mutum sama da 5,000 ke mutuwa a hanya kowace shekara, gudun wuce kima ne kuma a sahun gaba cikin dalilai.

To me ya sa namu shataletalen ba su cika ba da irin wannan sakamako ba? A nan ne nake ganin ya kamata a daɗe.

Sirrin shataletale ba a tsakiyarsa yake ba, a bakinsa yake. Hanyar da ke shigowa dole a lanƙwasa ta kafin ta iso, yadda ba wanda zai iya ratsawa a miƙe. Je ka tsaya a gefen wani shataletale da ke kan babban titi ka kalli tayoyin motocin da ke wucewa. In ka ga direba ya shiga ya fita bai ko motsa sitiyari sosai ba, yana shafar gefen tsibirin kamar babu shi, to wannan da'ira ce kawai aka ajiye, ba ta rage gudun kowa. Haka yake faruwa idan tsibirin ya yi ƙanƙanta a kan titi mai faɗi, ko aka gina shi ya karkata gefe guda. Akasin haka ma matsala ce: in da'irar ta yi girma ainun, cikinta ya zama filin tsere. Mai layi ɗaya yawanci faɗinsa daga gefe zuwa gefe bai wuce mita 30 zuwa 50 ba.

Kowace hanya da ke shigowa tana kuma buƙatar ɗan tsibiri mai tudu da zai raba masu shiga da masu fita. Aikinsa biyu ne. Yana hana ɗan acaɓa ko mai adaidaita sahu yanke ta hagu don ya huta da zagaye, wanda shi ne mafi munin abin da ake yi a shataletalenmu. Yana kuma bai wa mai tafiya a ƙasa wurin tsayawa a tsakiya, ya tsallaka rabi, ya numfasa, ya tsallaka sauran, kowane karo yana duban gefe ɗaya. Tsohuwa mai ɗauke da ƙullin kaya ko ɗan firamare ba sa iya tsallaka layi huɗu a numfashi guda. Fenti ba ya wannan aiki, sai kankare.

Sai maganar manyan motoci, wadda a Arewa ba a isa a tsallake ta ba. Tirela mai ɗauke da shanu ko siminti ba za ta iya bin lanƙwasar da aka yi don ƙaramar mota ba. In aka faɗaɗa hanyar saboda ita, ƙananan motoci sun sami filin gudu. Maganin da ake yi shi ne a kewaye tsibirin da wani zobe na kankare mai ɗan tudu kaɗan, wanda tayoyin bayan tirela za su hau ba wahala amma mai ƙaramar mota ba zai so hawa ba. Inda aka manta da wannan zobe, za ka ga gefen tsibirin a farfashe tun shekarar farko. Tanka mai lodi kuwa, in ta shigo da gudu ta murɗa kwatsam, kifewa take yi, kuma mun san abin da ke biyo bayan kifewar tankar mai a cikin jama'a. Don haka shataletalen da ke kan babbar hanya yana buƙatar gargaɗi tun daga nesa, da alluna masu ƙyalli, da 'yan ƙananan tudu masu girgiza mota, da fitila da dare. Shataletale marar haske a kan hanyar da ake gudun 100 tarko ne.

Game da abin da ake kafawa a tsakiya, mun fi kowa son gini. A watan Yunin 2023, lokacin da gwamnatin Kano ta rushe ginin shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati, cikin dalilan da ta bayar har da cewa yana tare wa direbobi gani. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, mafi yawansa na siyasa, ba kuma shi ne abin da ya dame ni a nan ba. Abin da injiniyoyi ke cewa shi ne, ba laifi tsakiyar ta ɗan yi tudu ko a dasa shuke-shuke, don mai tahowa ya gane tun daga nesa cewa hanya ba ta miƙe ba. Abin da ba a so shi ne a tare masa ganin hagunsa, ko a kafa ƙaton kankare ko ƙarfe a inda motar da birkinta ya tsinke za ta je ta daka. Tulin ƙasa da ciyawa ya fi hasumiya tausayin direba.

Ko an gina shi daidai, akwai halinmu. Tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972, ƙa'idar ita ce mai shiga shataletale ya dakata wa wanda ke tahowa daga hagunsa. Direbobi nawa ne aka taɓa gaya wa haka, a ƙasar da mutane da yawa a hannun ɗan'uwa ko maigida suka koyi mota? Dokar da ke aiki a zahiri ita ce wanda ya riga sa kai, ko wanda motarsa ta fi girma. Sakamakon shi ne irin kullewar da Turawa suka yi fama da ita kafin 1966, sai a kawo jami'i ya tsaya yana ba da hannu, shataletale ya koma mararraba mai ƙaton cikas a tsakiya. Ƙara da masu adaidaita sahu da ke lodi a daidai bakin fita, da masu talla, da mai shayi da ya kafa tebur a kan tsibirin masu tsallakawa. Duk da haka, abin lura shi ne wannan rashin tsari cunkoso yake haifarwa da zage-zage, ba gawa ba. Ko a inda ba a bin ƙa'idar, lanƙwasar tana nan tana rage gudu. Danjar da ba a bi kuwa ba ta bar komai a baya ba.

Akwai inda nake da shakku na gaske, wato masu ƙafa biyu. Alƙaluman Amurka na ƙasar da kusan kowa ke cikin mota ne. Wani bincike da aka yi a yankin Flanders na ƙasar Beljiyam, aka wallafa a 2008, ya gano cewa haɗurran da masu keke ke jin rauni a cikinsu ƙaruwa suka yi bayan an mayar da mararraba shataletale. Dalilin sananne ne: direban da ke shirin shiga mota yake nema da ido, sai ya kalli keke ko babur bai gan shi ba, mai fita kuma yakan yanke wanda ke bin gefe. A garuruwanmu da babura da adaidaita sahu suka fi motoci yawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mutanen Holan sun rage matsalar ta hanyar ware wa kekuna zobensu daban a waje, da matse bakin shiga yadda kowa zai rage gudu sosai. Darasin da ya shafe mu shi ne layi ɗaya ya fi layi biyu aminci nesa ba kusa ba, kuma duk faɗin da aka ƙara don a burge jama'a, mai babur ne zai biya.

Shataletale kuma yana da iyakar abin da zai ɗauka. Mai layi ɗaya yakan iya da motoci har wajen 25,000 a rana, mai layi biyu wajen 45,000. In aka wuce nan, ko kuma hanya ɗaya ta rinjayi sauran ƙwarai har na gefe ba sa samun kafar shiga, sai a nemi wata dabara. Shi ya sa ban ga laifin mayar da shataletalen Dangi da na Hotoro a Kano gadojin sama da na ƙasa ba, domin wuraren sun fi ƙarfin da'ira. Inda nake jin tsoro shi ne yadda abin ya zama yayi, har ana ganin shataletale alamar ci baya ce, gada kuma alamar gwamna ya yi aiki. Gada cunkoso take magancewa, ta hanyar barin mota ta wuce ba tsayawa, wato ƙara gudu take yi, kuma a ƙarshenta akwai mutanen da ke tsallaka titi da ƙafa. Kuɗin gada ɗaya kuwa zai gyara mararraba da yawa a bakin garuruwan da ba wanda zai taɓa yi musu gada, inda motocin ba su kai a yi cunkoso ba amma suna wucewa kamar harsashi. Matsalar shataletale ɗaya a irin waɗannan wurare ita ce fili: yakan ci kusurwoyin mararrabar, inda galibi shaguna ne ko gidan mai ko masallaci, sai an yi maganar diyya da gaskiya tun kafin a kawo katafila.

Don haka jama'ar da ke da irin wannan mararraba, idan za ku koma wurin hukuma, kada ku tsaya a kan a yi mana wani abu. Ku nemi ofishin hukumar kiyaye haɗurra na yankinku ya fito da lissafin haɗurran wurin, a ga ko bugun gefe ne da na masu karya hagu suka fi yawa. In su ne, ku roƙi shataletale mai layi ɗaya, mai lanƙwasa a kowace shiga, da tsibirin masu tsallakawa, da zoben tirela, da fitila, a kuma ware wa masu adaidaita sahu wurin lodi nesa da bakinsa. In ɗan kwangila ya kawo zane kuka ga hasumiya a tsakiya amma hanya ta ratsa a miƙe, ku ce a mayar masa ya sake.